Sawun Hannu a Jikin Bango

Tunda ka shimfiɗa mini takardar zanen gidan nan kana tambayar ta ina za a fitar da ƙofa, naɗe ta tukuna ka ji wani misali. Ni ban iya karanta zane ba, amma na ga gidaje da yawa an rushe an tayar.

Akwai wani mutum da fatauci ya kai shi kudu shekara da shekaru, har Allah ya buɗa masa. Ya dawo garinsu da niyyar ya sabunta tsohon gidan ubansa na ƙasa, don mahaifiyarsa ta ji daɗi a sauran kwanakinta. Tsohuwar tana nan a gidan, amma yanar ido ta rufe mata gani, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Zauren gidan yana kallon yamma ne, cikin wani lungu da ko jaki mai mangala sai ya yi dabara yake wucewa. Ta gabas kuwa, bayan gidan, an shimfiɗa sabuwar kwalta. Mutumin nan ya sa tsani ya hau kan soro, ya riƙe ƙugu, ya dubi titi, ya dubi lungu, ya sauko da shawararsa a yanke: a toshe zaure, a fasa katangar gabas, a kafa ƙaton get na ƙarfe wanda mota za ta shige kai tsaye. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ta ce Allah ya yi albarka, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ka san halin iyayenmu mata. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce masa kada ka yi kaza.

Aka kawo masa wani tsohon magini, irin waɗanda suka fara da tubali da makuba kafin siminti ya zo. Kwana biyu dattijon nan yana zagaya gida hannu a baya, ko cebur bai taɓa ba, har mai gida ya fara cewa a ransa an haɗa shi da malalaci. Rana ta uku magini ya kira shi ya nuna masa bango. Wani layi ne mai santsi da ɗan sheƙi, daidai tsayin ƙirji, ya taso daga bakin ɗakin tsohuwa, ya bi ta bayan randa, ya karya kwana ya shige zaure. Ya ce, "Alhaji, wannan yaɓen ba na magini ba ne. Gobe da hantsi ka zauna nan ka yi shiru." Washegari mai gida ya zauna ɗin, yana ƙunƙuni. Can sai ga tsohuwa ta fito da mayafinta, ba sanda, ba ɗan jagora. Ta ɗora tafin hannu a kan layin nan ta bi shi. Ta kauce wa randa, ta karya kwana, ta ɗaga ƙafa daidai dokin ƙofa ba tare da ta yi tuntuɓe ba, ta ƙetare lungu taku bakwai, ta yi sallama a gidan aminiyarta, wadda aka kawo su aure unguwar nan a shekara ɗaya. Kullum can take wuni, su ɓare gyaɗa, su yi hirar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Duniyarta ke nan gaba ɗaya, kuma da hannunta take ganinta. Da an toshe zauren, sai ta zagaya ta bakin kwalta inda babura ke gudu, wato ba za ta sake fita ba sai ranar da wani ya ga damar riƙe mata hannu. Mutumin ya ga cewa kurkuku ya zo ya gina wa uwarsa, har da fenti. Wallahi hawaye ya yi, babban mutum da gemunsa.

Aka bar zaure inda yake. Get ɗin da ya ƙwallafa rai a kai an yi shi ta gabas, amma ƙarami, don mota dai ba ta da aminiya a lungu. Kafin a taɓa komai magini ya auna tsayin dokin ƙofa da kara, ya mayar da sabon daidai da tsohon, ko yatsa bai ƙara ba. Da ya zo shafe, ya bi sawun hannun nan ya fitar da ɗan tudu mai santsi a daidai gurbinsa. Ranar da aka gama, tsohuwa ta fito ta ɗora hannu, ta ɗan tsaya, sannan ta bi shi har waje. Ta juyo wajen da take jin motsin magini ta ce, "Malam, Allah ya haskaka maka kabarinka." Shekara shida ta ƙara a duniya tana kai kanta inda take so da ƙafarta.

Yanzu ta daɗe da rasuwa, gidan ya sha fenti sau uku, amma mai gida ya hana a taɓa wannan layin. Duk sallah kuma, kafin ya je gaida kowa, gidan maginin nan yake fara zuwa, ya durƙusa har ƙasa. In an tambaye shi dalili sai ya ce shi ya hau soro ya ga titi, dattijon kuwa yana tsaye a ƙasa ya ga uwarsa.

To, kafin ka sa a fasa katanga, je ka duba bangon gidanku da kyau, ka kuma tambayi wanda ya girme ka a cikinsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.