Kocin da Baba Yake So

"A kore shi!" Baba ya daki hannun kujera, har shayinsa ya fantsama. "Shi da manajan duk a tattara a kora. Kullum sai an lallasa mu, koci yana tsaye ya harɗe hannu kamar an dasa shi."

Ɗansa ya rage ƙarar rediyon. Tun da ciwon mantuwa ya kama tsohon, ya daina gane 'ya'yansa, amma bai manta da ƙungiyarsa ba. Kullum da yamma ɗan yakan zo ya ba shi magani, shi ya sa Baba yake kiransa Likita.

A rediyo masu sharhi suna ta ambaton waɗanda za a iya kawowa su maye gurbin kocin, wannan ya ce tsohon kyaftin, wancan ya ce baƙo daga waje. Baba ya ja tsaki.

"Duk tarkace ne. Likita, ni na san wanda ya dace."

"Wa ke nan, Baba?"

"Yarona mana! Ni na saya masa takalmin ƙwallonsa na farko. Da shi suka ba ƙungiyar nan, wallahi da ba mu ga wannan wulaƙanci ba. Ba irin wannan sakaran ba ne."

Ɗan ya sunkuya yana goge shayin da ya zube. Da safiyar nan shugaban ƙungiyar ya kira shi ofis ya sallame shi daga aikin koci.

"Allah ya sa su ba shi, Baba," ya ce a hankali.