Saura Mota Ɗaya

"Yalla Baba, unguwar Zahir za mu! Ƙara wuta!" Hudaifa ya faɗa kujerar gaban tasin, baki har kunne.

Baba Rabe direba ya taka mai. "Ɗaurin aure ne?"

"Ya fi aure daɗi! A kamfanin motoci nake aiki. Jakar iskar nan mai kare mutum in an yi karo ce ta zo da matsala, tana iya fashewa ta watso ƙarfe a fuska. Duk mun canza, saura mota ɗaya in miƙa wa hukuma rahoto in huta. Wata uku mai ita ba ya ɗaga waya. Yau na samo gidansa!"

"Wasu mutanen sai bulala," in ji Baba Rabe, yana kutsawa tsakanin bas biyu.

"Bari in ƙara gwada shi," in ji Hudaifa, ya danna lambar mai motar.

Waya ta yi ƙara a aljihun Baba Rabe. Ya duba, ya ja tsaki, ya katse.

"Ɗan damfarar nan ne. Kullum wai in kawo motata gyara kyauta!"

Hudaifa ya zuba wa dashbod ɗin gabansa ido, daidai inda jakar iskar take, ya manne da kujera.

"Baba, don Allah tafi a hankali."