Ranar da Ubale Mai Kukuma Ya Zo Keffi

Ina neman afuwar mai karatu tun daga farko. A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, bayan furfura ta fara fito mini, kuma har yau hannuna bai faɗa ba.

A shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Lawal tela na Gangaren Tudu ya sayi garmaho mai batir. Fayafayansa duk ƙanana ne, in ban da guda mai faɗi kamar tire, wanda wani direba ya kawo masa daga Ikko. Waƙar wani Ubale mai kukuma ce a ciki, mawaƙin da ba a taɓa ji a rediyo ba. Lawal ba ya ba da aron faifan, ba ya barin kowa ya taɓa garmahon. Yadda mai kanti ya saita masa ranar saye, haka ya bar shi.

Muryar Ubale siririya ce mai zaƙi, kukumarsa kuwa gudu take kamar barewa. Samari sukan cika ƙofar shagon suna rawa har gumi ya jiƙa su. Kukansu ɗaya, waƙar ba ta daɗewa take ƙarewa.

Da matarsa Huraira ta haifi namiji, Lawal ya rantse a gaban jama'a cewa Ubale da kansa zai yi wasan suna. Dabo, telan da shagonsa ke kallon na Lawal, ya ce, "Ranar da ka kawo Ubale Keffi, zan rufe kekena in zama yaronka." Magana ta zaga gari. Lawal ya tashi direban nan, ya ce kada ya dawo sai da mawaƙin.

Ranar suna bayan la'asar, direba ya sauke wani dattijo mai kaurin wuya. Ya zauna a tabarma, ya ja kukuma a hankali, ya buɗe baki. Baitocin su ne, ba a rage ko ɗaya ba, amma muryar kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Samarin da suka miƙe don rawa suka tsaya cirko-cirko. Aka fara tsaki.

"Malam Lawal," in ji Dabo, "wannan Ubalen ne, ko kakansa?"

Dariyar ta shiga har cikin gida, inda dangin Huraira ke sauraro. Lawal ya ga cewa in bai nuna an cuce shi ba, shi za a kira macuci har ɗansa ya girma ya ji. Ya shiga ya ɗauko garmahon, ya dire a gaban baƙon.

"Kai wane ne?"

"Ubale ne, maigida."

"To, saurari Ubale."

Siririyar muryar ta tashi, jama'a suka ɗauki amshi. Fuskar dattijon ta sauya, kowa ya ce asiri ya tonu. Dattijon ya ce, "Waƙata ce. Amma wa ke korar ta haka?" Ya miƙa yatsa wajen garmahon. Lawal ya buge hannun, ya fizge kukumar, ya taka ƙoƙonta ya fashe. Aka yi ta ture-ture har garmahon ya kife. Da jifa da "ɓarawon waƙa" aka raka dattijon tasha, rawaninsa a ƙasa, leɓensa yana jini. Dabo ma sai da ya ce Lawal namiji ne.

Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya taimaka ya gyara mini, domin kuskure yana gyaruwa in an gan shi da wuri. Na Lawal bai sami wannan sa'ar ba.

Washegari ya kakkaɓe garmahon, ya ɗora faifan don ya wanke kunnensa. Sai ya lura kifewar jiya ta goce ɗan ƙarfen gefe mai saita gudun faifai daga lamba 45, inda yake zaune tun ranar saye, zuwa 33. Ya kai hannu zai mayar, idonsa ya faɗa kan tsakiyar faifan, ya ga 33 a rubuce. Sai ya bar ƙarfen a 33. Allura ta sauka, faifan ya juya a hankali, shagon ya cika da muryar dattijon da ya kora.