Sunkuyon Kyaftin Tsuruta

"Baƙin mai a tekunmu na Kobe?" Sufeto Kuwabara ya daka tsawa, yana nuna ruwan da ya kewaye jirgin dakon kayan. "Duk jirgin da na leƙa yau, haka! Dokar duniya kuka raina?"

Kyaftin Tsuruta ya rantse injinsa ko ɗigo ba ya yi.

"Kowa haka ya ce. Jirginka ba ya tashi! Ba da haƙuri."

Tsuruta ya haɗiye fushi, ya sunkuya neman gafara har kansa ya leƙa ta gefen jirgin. Can ƙasa ga kwalekwale mai inji da sufeto ya zo da shi, baƙin mai na ta bulbulowa daga gindinsa.

Bai ɗago ba.

"Yallaɓai," ya ce a hankali, "matso mu sunkuya tare."