Gyaran Mai Bargo

Ƙarfe huɗu na yamma mai jinya take juya tsohon gefen hagu, ta shafa masa mai a gadon baya, sannan ta jawo kujera ta buɗe littafi. Shi ba ya ganin ko ɗaya. Shekara uku ke nan da ciwon sukari ya cinye masa idanu. Ƙarar takarda kawai yake ji, da tarin nan nata mai kaushi da ya ƙi jin magani.

Mai Bargo ake ce masa. Da wuya ka shiga gidan da ba a lulluɓa da bargon masaƙarsa, kuma wata mai zuwa za a buɗe asibitin da ya gina, da sunansa a saman ƙofa. Sunan nan shi kaɗai ya rage masa, yana kuwa gadinsa fiye da yadda ya yi gadin dukiyar.

Mai jinyar ce ta kawo shawarar karatun, ganin rediyo ta gundure shi. Ta ce ƙirƙirarren labari ne, na wani tela da ya fara da keken ɗinki ɗaya a ƙarƙashin matakalar bene. Tun babin farko aka sosa wa tsohon inda yake masa ƙaiƙayi, don kowa ya san shi ma haka ya fara. Daga nan karatu ya koma gwaji: ta karanta shafi, ya tsayar da ita, ya ɗora rayuwarsa a kai. Jigon littafin naci ne, in ji shi, kuma a naci telan bai kama ƙafarsa ba. Telan ya wuni da yunwa, shi kwana biyu ya yi. Telan ya yaudari abokin da suka fara tare, shi kuwa nasa abokin ne bai iya sauri ba. Marubucin dai ya yi ƙoƙari, amma da ji ka san bai taɓa riƙe almakashi ba.

Mutum ne mai shegen son gyara. Ko likita sai ya koya masa riƙon allura. Wani lokaci yakan sa ta maimaita wuri don ya kamo kuskure, sai ya ji kalmomin sun ɗan canja, ya ja tsaki ya ce masu jinyar yanzu ko karatu ba su iya ba. Sai ta ba shi haƙuri, ta miƙa masa ruwa da hannunta mai tauri kamar busasshiyar fata.

A mako na uku dariya ta ƙare. Telan ya gina masaƙa mai hawa biyu, 'yan mata arba'in a ɗakin sama suna ɗinke bakin bargo. Zare ya fara ɓacewa, sai ya yanke cewa a riƙa kulle su ta waje, tun safe sai an tashi.

Tsohon ya gane ɗakin nan. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da rana tsaka, wuta ta tashi a ɗakin saman masaƙarsa. Kotu ta ce maigadi ne ya kulle ƙofa ya tafi yawonsa, kuma a gidan yari maigadin ya mutu yana rantsuwa. Ba a taɓa rubuta saɓanin haka a ko'ina ba. Ya tambayi sunan marubucin, ta faɗi wani suna da bai taɓa ji ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ce masa idon ya tafi ke nan.

Ya sa aka kira masa babban ɗansa a waya, wanda yake riƙe da kamfanin yanzu, ya ce ya zo gobe da yamma, akwai littafin da za a saye kaf daga kasuwa. Bai faɗi dalili ba. Ɗan ya tashi ne yana jin yadda mahaifinsa ya kutsa cikin hayaƙi ya fito da ma'aikata biyu.

Washegari ya ce ta ci gaba, so yake ya san iyakar abin da littafin ya sani kafin ɗan ya iso. Ta karanta da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. A labarin, ranar da abin ya faru maigadi yana gida da zazzaɓi. Telan da kansa ya hau sama. 'Yan matan suka ce suna jin ƙaurin wayar lantarki, ya ce ba komai ba ne, aiki ba zai tsaya ba. Ya ja ƙofa, ya naɗa mata sarƙa.

"Ƙarya ne," in ji tsohon, kafin ya kama bakinsa. "Babu sarƙa a ƙofar nan. Kwaɗo biyu na sa, sama da ƙasa."

Sai ya ji numfashin mutum na uku a bakin ƙofa, da ƙamshin turaren da ya sani sarai.

"Baba," in ji ɗan. "Kai ka sa?"

Tsohon ya shiga kame-kame. Littafi ne suke tattaunawa, ƙazafin wani marubuci ne, ɗan ya karɓa ya gani da idonsa. Takalma suka tako. Takarda ta yi ta ƙara, shafi bayan shafi, aka daɗe.

"Wannan ai tarihinka ne, Baba, wanda kamfani ya buga. Ko kalma ɗaya cikin abin da ta faɗa babu a nan. A juye ma na same shi a hannunta."

Kujera ta matsa baya. Matar ta yi tari, ta gyara masa lulluɓi a ƙirji yadda ta saba.

"Ban iya karatu ba, yallaɓai, ban taɓa shiga aji ba. Ina shekara goma sha huɗu na fara aiki a ɗakinka na sama, kuma daga ciki ba a ganin ko sarƙa ce ko kwaɗo."