Ƙarfen Sauke Tukunya

Tunda ka ce ƙafarka ta gaji da zagayen neman mafita a ƙofofin mutane, zauna in ba ka misali.

Wani tela ne ya gaji tsohuwar mota daga mahaifinsa, irin motocin zamanin da ɗin nan masu jikin ƙarfe zalla, waɗanda ko kayan gyaransu an daina kawowa. Injinta lafiya lau, sai dai tsufa ya sa ta durƙusa. Cikinta ya yi ƙasa, ko ɗan tudun kan titi ta hau sai ka ji ta kankari ƙasa har cikin ranka. A gari dai ana lallaɓawa. Amma hanyar ƙauyensu duk tudu ce da kwari, ga mahaifiyarsa ta matsa a kai ta ta ga yayarta kafin damina ta yanke hanya, don su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma kowacce ta kama sanda. Ka kuwa san rigimar tsofaffi: ta ce ita ba ta shiga motar kowa sai ta mijinta.

Ya kai wa bakanike. Aka ɗaga ta da jak, aka cire taya, sai ga wani zoben ƙarfe a gindin sifirin da ke ɗauke da nauyin motar, mai tsaga-tsaga a gefensa. Bakanike ya ce da an murɗa zoben nan sama, mota za ta tashi. To, duk sifanar da ke akwatinsa babu mai kama shi. Sai ya yi abin da aka saba, ya jawo kurfi da guduma. Bugu ɗaya, bakin tsaga guda ya ɓare ya faɗi ƙasa. Tela ya ji kamar haƙorinsa aka fasa, ya yi wuf ya riƙe masa hannu. Mutum ne da bai taɓa yanka yadi da wuƙa ba, kuma ya san in zoben nan ya fashe babu irinsa ko'ina, motar babansa ta zama akurkin kaji ke nan.

Sai ya shiga nema. Ya bi shagunan kayan mota, ya tona tarin 'yan gwangwan har hannunsa ya yi tsatsa. Wani tsohon direba ya kwatanta masa abin: lanƙwasasshen ƙarfe ne kamar lauje, da ɗan haƙori guda a ƙarshensa mai faɗawa cikin tsagar, kuma tare da motar ake sayar da shi tun asali. Kwatance dai ya samu, ƙarfe bai samu ba. Wannan ya tura shi wurin wane, wane ya tura shi wani gari. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas, hankalin tela ya tashi ƙwarai.

Ran nan ya dawo a gajiye, ya tsuguna a bakin murhu yana ba tsohuwa haƙuri. Ita kuwa ta miƙa hannu ta ɗauko ƙarfen da take sauke miya da shi, ta maƙala a kunnen tukunya. Baƙi ƙirin ne don hayaƙi, lanƙwasasshe kamar lauje, ga ɗan haƙori a ƙarshensa. Tun yana rarrafe yake ganin ƙarfen nan. Har kora an sha yi masa da shi in ya sa hannu a nama.

Ya ce, "Inna, a ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Babanka ya ba ni ajiya, ya ce kada in bari ya ɓata. Ni kuwa na ga abin da hannu ke taɓawa kullum ba ya ɓata."

Washegari ya dirje shi da toka. Aka zuba wa zoben baƙin mai ya jiƙa, haƙori ya faɗa cikin tsaga ɗas, kamar maɓalli a gidansa. Bakanike na murɗawa yana dariya, tela na awo da tef ɗinsa don kada gefe ya fi gefe, har mota ta miƙe tsaye kamar lokacin ƙuruciyarta. Tsohuwa kuwa ta ce ba ta shiga sai an mayar mata da ajiyarta. A cinya ta riƙe shi har ƙauye, mota ba ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Ruwan farko ya sauka ne ita da yayarta suna zaune a tabarma ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Saboda haka kafin ka sake ɗaure takalmi, leƙa bakin murhunku tukuna. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.