Na Sauke Ta

Silvanus mai gyaran injin ban-ruwa ne a Birnin Kebbi. Shagonsa na nan a buɗe, amma manoman shinkafa sun daina kawo aiki. Babban yatsa da manuni da na tsakiya na hannunsa na dama babu su, kuma ba a kwance noti da sauran biyun.

Daga Filato ya zo tun yana saurayi. Gyaran inji ne ya haɗa shi da Dankure, wani masunci a Argungu mai taɓa noma da harbi. Abota ta yi ƙarfi har Kezia, matar Silvanus, wadda ake kira Maman Treasure, ta daina sayen kifi a kasuwa. Dankure kuwa bai taɓa kwana da lalataccen inji ba.

Wata Asabar bayan ruwa ya ja baya, Dankure ya gayyace shi harbin dinya, wato agwagwar daji, a fadama. Bindigarsa adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki. Idan an ɗura ta, ba a raba ta da abin da ke cikinta sai an harba. Shi ya sa maharban gulbi suke da al'ada: kafin a shiga jirgi a koma gida, sai a ɗaga bakinta sama a sake ta.

Sun samu dinya ɗaya da safe. Dankure ya sake ɗuri, suka jira har rana ta yi zafi, ba abin da ya sauka. Da suka zo shiga jirgi, Silvanus ya ga abokinsa ya shimfiɗa bindigar a kan komar kamun kifi.

"Malam Dankure, wannan abin akwai wuta a ciki?"

"Injiniya, mi kaka tsoro? Kai da ka sa hannu cikin inji shina gudu!"

"Inji na san shi. Wannan ban san ta ba."

"Na sauke ta tun ɗazu. Shigo mu tahi, Maman Treasure na jiran nama."

Silvanus ya yi dariya ya shiga. A wurinsa, abin da aka sauke babu sauran kaya a kansa.

Da suka iso mashaya, Silvanus ne ya fara fita. Dankure ya ce ya kama masa kaya, ya turo bindigar da bakinta a gaba. Silvanus ya damƙi bakin ya ja. Kunamar bindigar, ƙarfen da ke bugawa ya tada wuta, ta sarƙe a zaren koma, ta ɗaga, ta koma.

Bai ji zafi nan take ba. Ƙara ya ji, sai hayaƙi, sai ya ga mata masu wanki suna gudu. Sannan ya dubi hannunsa.

A asibiti a Birnin Kebbi likita ya ce yatsun uku ba su gyaruwa. Mutanen coci suka zo, maƙwabta suka zo, har manoman Zauro da Ambursa suka yi ta sallama. Duk lokacin da aka taɓa ƙofa, Silvanus sai ya ɗaga kai. Dankure bai zo ba.

"Baban Treasure, ka daina duban ƙofar nan," in ji Kezia. "Labari ya iso. Cewa yake yi kai ka fizgi bindigar da wasa."

Silvanus bai yarda ba. Da aka sallame shi ya hau mota zuwa Argungu, hannu a naɗe. Sarkin maharba, wani dattijo mai suna Sama'ila, ya sa aka kira Dankure zaurensa. Ya zo ya zauna, idonsa a kan tabarma.

"Na tambaye ka ko ban tambaye ka ba?" in ji Silvanus.

"Ka tambaya. Nic ce na sauke ta, kuma na sauke. Kunama nis sauke. Ban ce maka na harbe ta ba."

"Ni kunama na tambaye ka? Cewa na yi akwai wuta a ciki?"

"Kowa nan ya san abin da sauke ka nuhi. In kai Hausarka ba ta kai ba, laihina ne?"

Shekara da shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya, bai taɓa jin Hausarsa ta gaza ba sai ranar.

Sama'ila ya gyara zama. "Dankure, bar zancen Hausa. Mi ya hana ka sake ta sama kahin ku shiga jirgi, yadda ubanka ya koya maka?"



Dankure ya ce, "Ɗurin nan shi ɗai yar rage min, Baba. Nic ce ko mu gamu da wata dinya bisa hanya."

Ashe ya sani. Ya san abin da ke cikin bindigar lokacin da aka tambaye shi, ya san shi lokacin da yake miƙo bakinta. Ya zaɓi kalmar da za ta kwantar da hankalin abokinsa ba tare da ya yi asarar albarushi cikin cokali ba.

Sama'ila ya karɓe bindigar, ya ce Dankure ya ba da haƙuri. Dankure ya miƙo hannu. Silvanus ya dubi hannun, ya dubi nasa, ya tashi ya nufi tasha.

Mai karatu, kowace bindiga ka ɗauke ta a matsayin ɗurarriya, ko wa ya ce maka babu komai a ciki. Kada ka miƙa ta ta baki, kada ka karɓe ta ta baki, kuma idan an tambaye ka abin da ke cikinta, faɗi gaskiyar da mai tambaya zai gane.